Tsohon Fim a Sabon Faifai: Abin da Masu Tara Fina-finai Suke Nema

A watan Satumba na 2023 kamfanin Netflix ya daina aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya, sana'ar da ya fara da ita tun 1998, kuma a farkon 2024 kantunan Best Buy, waɗanda suke cikin manyan masu sayar da kayan lantarki a Amurka, suka kwashe faya-fayan fim daga kantocinsu. Wanda ya tsaya a kan waɗannan labarai biyu zai ɗauka cewa faifai ya gama yayi. Amma a daidai wannan lokaci ne wasu ƙananan kamfanoni, irin su Criterion da Kino Lorber da Vinegar Syndrome a Amurka, da Arrow da Eureka da Second Sight a Birtaniya, da Carlotta a Faransa, suke fitar da tsofaffin fina-finai a faifai kusan kowane wata, da tsada, kuma wani bugun yakan ƙare tun kafin ranar fitowarsa ta zo. Gama-garin masu kallo sun koma intanet, faifai kuwa ya zama hajar wasu mutane masu zaɓe, waɗanda za su iya sayen fim ɗaya sau uku ko huɗu a rayuwarsu, daga kaset zuwa DVD, daga DVD zuwa Blu-ray, daga nan zuwa faifan 4K, wanda ya fi su duka kaifin hoto. Idan aka bi yabonsu da ƙorafinsu da kyau, za a tarar kusan duka suna komawa ga buƙata guda, wato a ba su fim yadda mutanen farko suka gan shi a silima, ba ragi, ba ƙari, ba kwalliyar zamani. Faɗar wannan buƙata ba ta da wuya, cika ta ne aiki, kuma dalilan wahalar sun cancanci a warware su.

Tambayar farko da mai tara fina-finai yake yi idan aka sanar da sabon bugu ita ce daga ina aka ɗauko hoton. Tsofaffin fina-finai an ɗauke su ne a kan zaren fim, galibi mai faɗin milimita 35, kuma zaren da ya bi ta cikin kyamara a ranar ɗauka, wanda ake kira negetif na asali, shi ne uwar duk wani kwafi da ya biyo baya. Daga shi ake wanke kwafi na tsakiya, daga na tsakiya a wanke wani negetif, daga wannan kuma a wanke ɗaruruwan kwafin da ake rarraba wa gidajen silima. A kowane mataki hoton yana rasa wani abu na kaifinsa, inuwa tana ƙara toshewa, ƙananan abubuwa kamar saƙar tufafi da gashin gira suna dushewa. Saboda haka idan kamfani ya rubuta a bayan kwali cewa ya ɗauki hoton daga negetif na asali da na'urar 4K, ya faɗi abin da ya fi komai daraja a wurin mai saye. Idan kuwa ya yi shiru a kan tushen hoton, masu tarawa sukan yi zargin cewa tsohon aikin da aka yi domin DVD shekaru ashirin da suka wuce ne aka hura shi aka sake sayar musu, kuma sau da yawa zargin yakan tabbata da zarar an jera hotunan bugun biyu gefe da gefe.

Matsalar ita ce negetif ɗin ba kullum yake nan ba. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin zaren fim ne da sinadarin naitiret, wanda yake kama wuta cikin sauƙi, kuma idan ya kama ruwa ba ya kashe shi. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey a 1937 ta cinye mafi yawan fina-finan da kamfanin ya yi a zamanin da fim ba ya magana, wata kuma ta tashi a ma'ajiyar MGM a 1965. Rahoton da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka na wancan zamani sun ɓata gaba ɗaya. A Indiya ma fim na farko mai magana, Alam Ara na 1931, babu wanda ya san inda kwafinsa yake a yau. Zaren asitet da ya maye gurbin naitiret ba ya ci da wuta haka, amma idan ya sha zafi da laima yakan fara ruɓewa yana warin tsami, ya ƙanƙance, ya murɗe, har ya ƙi shiga na'ura. Launin fina-finan shekarun 1950 zuwa 1970 da yawa kuma ya koɗe, shuɗi da rawaya sun gudu sun bar hoton ja-ja, abin da ya sa darakta Martin Scorsese ya tayar da murya a kai tun 1980, daga baya ya kafa gidauniyar Film Foundation a 1990 domin ceto irin waɗannan fina-finai.

Labarin fina-finai uku a kan rayuwar wani yaro mai suna Apu, waɗanda daraktan Indiya Satyajit Ray ya yi a yankin Bengal tsakanin 1955 da 1959, ya isa ya nuna yawan aikin da yake bayan faifai ɗaya. A watan Yuli na 1993 gobara ta tashi a wani ɗakin wanke fim a Landan inda aka ajiye negetif ɗinsu na asali. Abin da aka tsamo daga wutar ya ƙone a gefe, ya bushe ƙayau, wasu wuraren sun manne da juna, ƙananan hudojin da haƙoran na'ura suke kamawa sun narke. Ma'ajiyar fina-finai ta Academy, ƙungiyar da take ba da kyautar Oscar a Amurka, ta karɓi ragowar ta adana maimakon ta zubar, ya zauna kusan shekara ashirin ba a taɓa shi ba. Da Criterion ya tashi yin sabon bugu, sai aka aika da zaren zuwa ɗakin gyara na L'Immagine Ritrovata a birnin Bologna na Italiya, inda ma'aikata suka jiƙa shi da sinadari har ya yi laushi, suka riƙa warware shi a hankali, suna cire tsohon danƙo da kakin da zafi ya narkar, suna sake gina hudojin gefe da hannu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe an iya amfani da kusan kashi 40 cikin 100 na negetif ɗin fim na farko da fiye da kashi 60 na na biyu, aka cike sauran daga kwafe-kwafe mafi kyau da aka samo a wasu ma'ajiyoyi, aka daidaita hasken sassan domin kada mai kallo ya ga wurin ɗinki. A 2015 aikin ya fito. Mai tarawa da ya biya kuɗin wannan faifai ya san cewa wannan wahala yake biya, kuma ya san cewa da babu irinsa a kasuwa, da wuya wani kamfani ya ɗauki nauyinta.

Bayan tushen hoto sai fasalinsa, wato faɗinsa da tsayinsa. Har zuwa farkon shekarun 1950 hoton silima faɗinsa ya ɗara tsayinsa ne da kaɗan, kuma a kan wannan fasali aka ƙera akwatin talabijin. Da talabijin ya fara janye mutane daga silima, sai kamfanonin Hollywood suka faɗaɗa allo, aka fito da CinemaScope a 1953, inda faɗin hoto ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Da zamanin kaset ya zo, bayan Sony ya fito da Betamax a 1975 kuma JVC ya fito da VHS a 1976, sai aka rasa yadda za a cusa wannan faffaɗan hoto cikin akwatin talabijin, aka zaɓi a yanke gefe da gefe. A irin wannan yanka fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton yake tafiya. Duk wanda ya kalli fina-finan Indiya a kaset ya taɓa ganin sakamakon ko da bai san dalili ba: mutum biyu suna magana amma ɗaya kawai ake gani, ɗayan sai hancinsa ko kafaɗarsa, ko kuma jerin masu rawa da aka tsara su cika allo amma rabinsu suna waje. Criterion, wanda aka kafa a 1984 a zamanin babban faifan LaserDisc, yana cikin waɗanda suka dage a nuna hoton cikakke, da baƙin fili a sama da ƙasa, ko da masu saye da yawa a lokacin suna ganin kamar an tauye musu allo ne. Yau da talabijin ya zama mai faɗi matsalar ta juya, domin tsofaffin fina-finai masu ƙaramin faɗi ne ake yanke musu sama da ƙasa, ko a miƙe su har fuskoki su yi faɗi, don kawai su cika allo. Masu tarawa ba sa yafe ko ɗaya daga cikin biyun.

Inda rigima ta fi zafi a yanzu shi ne batun ɓurɓushin hoto. Hoton zaren fim ya ginu ne daga ƙananan ƙwayoyin sinadari da haske ya taɓa, shi ya sa idan aka matsa kusa da allo ake ganin wani yashi-yashi yana motsi a cikinsa, musamman a sararin sama da wuraren duhu. Wasu kamfanoni suna ɗaukar wannan a matsayin datti, suna sa kwamfuta ta goge shi domin fim ya yi kama da wanda aka ɗauka bana. Amma ƙananan bayanan hoton a cikin ɓurɓushin nan suke zaune, idan aka goge shi da ƙarfi sai su tafi tare. A tsayar da hoton fuskar ɗan wasa a irin wannan bugu a duba: ramukan fata sun ɓace, tsiron gemu ya zama shafe ɗaya, zufar goshi ta koma kamar an zuba mai, mutumin ya yi kama da gunkin roba. Bugun Blu-ray na fim ɗin Predator da ya fito a 2010 ya zama abin misali a wurin masu tarawa saboda wannan. Yanzu kuma an shigo da ƙirƙirarriyar basira, wadda bayan ta goge sai ta zana wasu bayanai daga hasashenta, ta ƙara kaifin ido, ta ƙirƙiri gashi da tamojin fuska da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba. Bugun 4K na wasu fina-finan James Cameron da suka fito a faifai a 2024 ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa a kan haka. A ganina masu ƙorafin suna da gaskiya. Cire tabo da ƙura da karce da suka hau kan zare bayan an gama fim gyara ne, domin ba sa cikin abin da aka ɗauka. Ƙirƙiro abin da babu shi a negetif kuwa sabon zane ne, kuma wanda ya sayar da shi da sunan farfaɗo da tsohon fim bai faɗa wa mai saye gaskiya ba.

Launi ya fi wannan sarƙaƙiya, domin negetif ba ya faɗin yadda launi ya kamata ya kasance. A zamanin zare, ana zama ne a ɗakin wanki a daidaita launin kowane fage kafin a buga kwafin silima, kuma wannan zaɓi ba ya rubuce a jikin negetif. Mai gyara na yau dole ya nemi tsohon kwafin da bai koɗe ba ya yi koyi da shi, ko ya kira darakta ko mai ɗaukar hoto idan suna raye. Sai dai su ma mutane ne, idonsu yana canzawa, ra'ayinsu yana canzawa. A 2009 William Friedkin ya sa aka fitar da fim ɗinsa The French Connection na 1971 a Blu-ray da wani launi da ya ƙirƙiro, mai ɗaukar hoton fim ɗin, Owen Roizman, ya fito fili ya yi tir da aikin, sai da aka sake bugawa a 2012 da sa hannun su biyun. Haka kuma da Criterion ya fitar da tarin fina-finan Wong Kar-wai na Hong Kong a 2021, darakta da kansa ya sauya launin wasu da fasalin wasu, masoyansa suka rabu gida biyu. Faifan 4K, wanda ya shigo kasuwa a 2016, yana iya nuna haske da zurfin duhu fiye da yadda majigin da yake iyawa, kuma wannan dama tana ruɗar masu gyara su ƙara wa tsohon fim ƙyallin da bai taɓa yi ba.

A nan ne babbar tambayar take, wato wa yake da fim bayan an sake shi ga duniya. A shekarun 1980 da aka fara shafa wa fina-finai marasa launi launi da kwamfuta domin talabijin, daraktoci da 'yan wasa sun je har gaban Majalisar Dokokin Amurka suna kuka, kuma wannan yana cikin abin da ya haifar da dokar adana fina-finai ta 1988. A lokacin 'yan kasuwa ne suke sauya aikin masu fasaha, don haka gane mai laifi bai yi wuya ba. Lamarin ya fi wuya idan mai fim ɗin ne da kansa. George Lucas ya sauya Star Wars na 1977 a 1997, ya ƙara hotunan kwamfuta, ya gyara wasu fagage, kuma da aka matsa masa a kan na asali, sai aka saka shi a DVD na 2006 a matsayin ƙari, daga tsohon aikin LaserDisc na 1993 wanda bai kai ingancin zamaninsa ba. Masoya fim ɗin suka koma neman tsofaffin kwafin silima suna gyarawa da kuɗinsu. A Indiya ma an shafa wa Mughal-e-Azam na 1960 launi aka sake nuna shi a 2004, mutane da yawa suka ji daɗi. Ba na ganin laifin mai fasaha ya koma ga aikinsa, haƙƙinsa ne. Laifin yana faruwa ne idan sabon ya kori tsohon daga kasuwa, har ya zama wanda aka haifa daga baya ba shi da hanyar ganin abin da ya girgiza mutane a shekarar da ya fito. Abin da masu tarawa suke roƙo a nan ƙarami ne, wato a sa duka biyun a kwali ɗaya da inganci iri ɗaya, kuma faifan da yake ɗaukar gigabait 66 ko 100 ba zai rasa wurin yin haka ba.

Sauti ma haka yake, ko da yake mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin tsofaffin fina-finai sautinsu ta lasifika ɗaya yake fita, amma kamfanoni sukan rarraba shi zuwa lasifika shida domin masu kayan sauti na zamani, kuma a garin haka sukan canza ƙarar bindiga da ta mota da sabbi, wani lokaci su danne kiɗa ko su ɗaga shi. Mai tarawa yana so a bar masa sautin asali a matsayin zaɓi. Akwai kuma wani lahani da ya shafe mu kai tsaye. Ana ɗaukar fim ne a hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, amma tsarin talabijin na PAL, wanda ake amfani da shi a Najeriya da Birtaniya da Indiya, yana tafiya a hoto 25, don haka kaset da DVD da aka yi a kan wannan tsari suna gudu da fim da saurin da ya ƙaru da kashi 4 cikin 100. Fim mai sa'a uku yakan rasa kusan minti bakwai, kuma muryar mawaƙa takan ɗan yi sama. Wanda ya haddace waƙoƙin Indiya daga kaset, da wuya ya ji su a ainihin muryarsu sai a silima ko a Blu-ray, wanda ya dawo da saurin 24.

Sai batun fagagen da aka yanke. Fim ɗin Jamus Metropolis na 1927 an datse shi tun a shekarar da ya fito, aka ɗauka sassan sun ɓata har abada, sai a 2008 aka gano wani tsohon kwafi a gidan adana fina-finai na birnin Buenos Aires a Ajantina, aka mayar da kusan minti 25, duk da karcen da ya cika su. Sholay na 1975, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya fi wannan koyar da darasi a kan wahalar kalmar asali. A yadda aka ɗauke shi, tsohon ɗan sandan ne yake kashe ɗan fashin da kansa, amma hukumar tace fina-finai ta Indiya, a lokacin dokar ta-ɓaci ta gwamnatin Indira Gandhi, ta tilasta a sauya ƙarshen yadda 'yan sanda za su iso su kama shi. A 2025 gidauniyar Film Heritage Foundation ta Indiya ta nuna gyararren kwafi mai ƙarshen farko a Bologna. To wanne ne na asali, wanda darakta ya nufa, ko wanda miliyoyin mutane suka kalla shekara hamsin suka haddace? Kowanne yana da hujja, kuma bugun da ya ɗauki ɗaya ya watsar da ɗaya ya ɓoye rabin tarihin fim ɗin.

Ƙare-ƙaren da ake haɗawa da fim, kamar sharhin murya da ake saurara yayin kallo, wanda Criterion ya fara a 1984 da masanin tarihin fim Ronald Haver, da hira da waɗanda suka yi aikin, da ɗan littafin bayani, suna da amfani idan an yi su da ilimi. Wanda ya fi su muhimmanci ga fina-finan wasu harsuna shi ne ingancin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, kuma a fina-finan Indiya abin takaici ne yadda bugu da yawa suke fassara magana su bar waƙa, alhali rabin labarin a cikin waƙar yake.

Akwai kuma dalilin mallaka. Wanda yake kallo a manhajar intanet haya yake yi, kuma fim yana iya ɓacewa ranar da yarjejeniya ta ƙare ko kamfani ya ga cire shi ya fi masa riba, kamar yadda HBO Max ya yi a 2022 da Disney+ a 2023. Ana iya yanke fage ko a sauya hoto ba tare da an sanar da kowa ba. Hoton intanet kuma matsattse ne domin ya iya bin waya, shi ya sa wuraren duhu da hayaƙi da ruwan sama suke farfashewa, ɓurɓushin fim kuma shi ne abu na farko da matsin yake murƙushewa. Faifai ba ya canzawa bayan an buga shi. Shi ma dai ba dawwamamme ba ne, domin wasu faya-fayan sukan ruɓe daga ciki idan an yi kuskure a masana'anta, ga kuma kulle na yanki da yake hana faifan Amurka aiki a na'urar Turai ko Afirka, ko da yake faifan 4K ba shi da wannan kulle. Masu ƙera na'urorin kunna faifai ma suna raguwa, Samsung ya daina fitar da sabbi tun 2019.

Ɓangaren wannan harka da ba na goyon baya shi ne haukar kwali. Kamfanonin sun gane cewa idan suka ce kwafi dubu kaɗan kawai za a buga, suka sa shi a gwangwanin ƙarfe ko kwali mai kauri da katuna da fosta, mutane za su yi rububi, wasu su saya da yawa su ɓoye domin su sayar da ninkin kuɗi bayan ya ƙare. Akwai masu sayen da ba sa ɓare ledar faifan ma, domin kada darajarsa ta faɗi. Na fahimci cewa wannan rububi ne yake ba ƙaramin kamfani kuɗin hannu da zai biya haƙƙin mallaka da kuɗin gyara, amma idan fim ya zama ba a samunsa sai a bugun da ya ƙare cikin kwana biyu, to an sake ɓoye shi ne bayan an sha wahalar tono shi. Kamfanonin da suke bin bugu na musamman da bugu na gama-gari mai sauƙin kuɗi sun fi kyautata wa fim ɗin.

Tun da kasuwa ce take zaɓar abin da za a gyara, fina-finan da ba su da masu saye a Amurka da Turai da Japan sukan zauna a baya. Wani fim ɗin tsoro na Italiya ko Amurka da aka yi da kuɗi ƙalilan yakan samu bugun 4K mai faifai uku, alhali manyan ayyukan Afirka suna jiran taimakon gidauniyoyi. Shirin World Cinema Project da Scorsese ya fara a 2007 ya gyara ayyukan Ousmane Sembène da Djibril Diop Mambéty na Senegal, kuma a 2017 aka ƙulla wani shiri da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka, FEPACI, domin ceto fina-finai 50 na nahiyar. Namu misalin shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. An iya ceto shi ne saboda a zaren fim aka ɗauke shi, kuma zaren ya jure.

Fina-finan Hausa na bidiyo, waɗanda aka saba ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, ba su da wannan gata. A kaset aka ɗauke su, don haka babu wani negetif da za a koma masa, iyakar kyawunsu shi ne abin da yake kan masta, wato kaset na asali da ake kwafa daga gare shi. Tsarin kasuwar lokacin ma bai taimaka ba, domin furodusa yakan buga kwali ne ya sayar wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su riƙa kwafa daga masta suna sakawa a kwalin, don haka mastan ya sha yawo daga hannu zuwa hannu, kuma ba kowa ya kula ya karɓo nasa ba bayan fim ya gama ci. Kaset kuwa ba ya son zafi da ƙura da laimar damina. A ɗauko wanda ya shekara ashirin a cikin buhu a duba ta ɗan gilashin gabansa, za a ga farin fumfuna ya yi zobe-zobe a jikin zaren, idan aka saka shi a bidiyo haka nan sai ya toshe kan na'urar ya kuma kankare hoton. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da yake ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Waɗanda aka mayar VCD an matse hotonsu zuwa ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye, kuma daga irin waɗannan ne ake ɗora yawancin abin da ake gani a YouTube, a miƙe shi ya cika allo, a manna masa tambari babba a kusurwa, wani lokaci a yanke sunayen waɗanda suka yi aikin.

Duk abin da mai tara fina-finai na waje yake nema ya shafi waɗannan fina-finai, sai dai a nan wanda ya adana kaset ɗinsa da kwalinsa yana iya zama shi kaɗai ne yake riƙe da kwafi mafi kyau da ya rage. Bugun da ya dace da su zai fara ne da tattaro kwafi da yawa na fim ɗaya, a share fumfunar, a ɗauke su da na'ura mai lafiya ba tare da matsi ba, a gwada su fage da fage a zaɓi mafi kyau, a bar hoton a fasalinsa na akwatin talabijin, a bar waƙoƙi da sunaye da tallan farkon kaset, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, kuma kada a bari kwamfuta ta zana wa marigayi Rabilu Musa Ibro da tsararrakinsa fuskokin da ba nasu ba da sunan ƙara kyau. Hira da daraktoci da mawaƙa da masu ɗaukar hoto na wancan zamani ita ma tana da gaggawa, domin da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da zai fi cin lokaci shi ne haƙƙin mallaka, saboda fina-finan farko da yawa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne suka yi su da karo-karo, ƙungiyoyin sun watse, wasu furodusoshin sun sayar wa 'yan kasuwa da baki ba tare da takarda ba, wasu kuma sun rasu sun bar magada. Kafin a buga ko faifai ɗaya sai an zauna da waɗannan mutane an tantance wanda yake da ikon sa hannu da yadda za a raba abin da aka samu, amma ɗaukar hoton daga kaset zuwa kwamfuta ba ya buƙatar jiran wannan zama, kuma shi ne ya kamata a fara yi tun na'urorin da suka rage suna aiki.